Maganin da Ya Sauya wa Malam Fuska

Mu mutanen Illela ba mu ɗauki Ƙonni ƙasar waje ba. Mace za ta tsallaka gaisuwar haihuwa da hantsi, ta dawo ta ɗora sanwar rana. Shi ya sa ranar da maigidana ya ce wa mahaifiyarsa sai ta ga likita kafin ta fita waje, Inna ta yi dariya ta ce tun tana budurwa take shiga Nijar, ba wanda ya taɓa miƙa mata ƙwaya a bakin iyaka.

Amma wannan tafiyar daban ce. Autarta da ke aure a Kumasi ta kusa haihuwar fari, Inna kuma ta ƙudura ba wadda za ta yi mata wankan jego sai ita. Daminar da ta wuce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita har sai da aka ƙara mata jini. Maigidana ya ji labarin ruwa da sauron can, ya ce in babu maganin rigakafi babu tafiya.

Ni na raka ta asibiti. Likitar mace ce, mai sanyin murya. Ta ce mu da muka tashi cikin sauro ba kasafai ake ba mu irin wannan magani ba, amma tsufan Inna da jinyar da ta sha ya sa za ta ba ta. Akwai na sha sau ɗaya a mako, mai sauƙin tunawa, sai dai yakan kawo wa wasu jiri da munanan mafarkai. Akwai na kullum, wanda sai an ci abinci, an kora da ruwa mai yawa, ba a kwanciya bayan sha, kuma yana sa rana ta ƙona fata.

"Kuma ba a haɗa shi da nono lokaci ɗaya, Hajiya."

"Mi?" Inna ta gyara zama. "To hurar tawa fa?"

Na sunkuyar da kai don kada dariya ta kufce mini. Tunda na zo gidan ban taɓa ganin safiyar da Inna ta karya da wani abu ba fura da nono ba. Nan take ta zaɓi na mako. Likita ta tambaye ta ko ta taɓa farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko damuwar da ke hana barci, ta ce a'a. Aka ce ta fara sha tun tana gida, a ga yadda jikinta zai karɓa, kuma in ta ga wani sauyi ta daina ta dawo.

Akwai abin da ba mu faɗa wa likita ba, don ba mu ɗauke shi zancen asibiti ba. Tun rasuwar surukina, wanda kowa ke kira Malam, Inna takan gan shi a mafarki jefi-jefi, cikin farar riga, yana zaune a zaure kamar da. Duk safiyar da ta gan shi nakan gane, don takan sa in dama kunu a yi sadaka, ta yini fuskarta a sake.

Bayan ta sha ƙwayar mako na biyu, wata safiya na kai mata fura na tarar da ita a kan sallaya, carbi a hannu amma ba ta ja. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Sai da na juya zan fita ta ce ta ga Malam, yana ta yi mata tsawa, idonsa ja, yana korar ta daga zaure. Na ce ko a kira ƙanin Malam ya yi addu'a, ko kuwa ishara ce kada ta yi tafiyar.

Ta girgiza kai. "Ɗiyata, na zauna da bawan Allah nan tun ban iya tuƙa tuwo ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wanga ba Malam ba ne. Ƙwayar ce."

Har yau ina jinjina wannan magana. Ni da na yi sakandare na ruga wajen fassara, ita kuwa sanin mijinta ya ishe ta. Ba ta zargi mamaci ba, ba ta kuma zargi likita ba.

Da maigidana ya ji, sai ya tsorata ya ce a fasa tafiyar kawai, a nemi wata dattijuwa a can ta yi wankan. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta tuna masa cewa magani biyu aka lissafa mata. Ya ce ba za ta iya rabuwa da furar safe ba, ya san ta. Ta ce ai ita ta haife shi, ba shi ya haife ta ba.

Ta daina shan ƙwayar, muka koma asibiti. Inna da kanta ta zayyana mafarkin, ba kunya ba ƙari. Likita ta ce ta kyauta da ta daina, ta sauya mata na kullum. Inna ta yi tambaya har sai da ta gamsu: in ta sha da safe, za ta iya shan fura da la'asar? Aka ce za ta iya. Alwala da sallar walha fa, sujada na cikin kwanciya? Likita ta yi murmushi ta ce ta jinkirta kaɗan bayan sha.

Washegari na ɗumama mata tuwo da miyar kuka. Ta dube shi kamar baƙo, ta yi bisimilla ta ci, ta haɗiye ƙwayar da kofin ruwa cike, ta zauna a miƙe kyam a kan kujera tana jan carbi. Maigidana ya leƙo daga ƙofa, ya daɗe yana kallonta. Da yamma ya dawo daga kasuwa da lema da babban gidan sauro, ya ajiye kusa da jakarta, ya ce in tambaye ta wace rana take so a kama mata mota.