Abin da Haladu Yake Ji a Tsakiyar Ruwa

A mashigar ruwa ta wajen Auyo babu wanda bai san Haladu mai fito ba. Shekara talatin yana ƙetarar da manoman shinkafa da baburansu a kwalekwale, fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Mutumin kirki ne, amma taurin kai gare shi, in ya kafe ko jaki ya sallama masa.

Ɗansa na fari, Munzali, wanda bai taɓa kiran sunansa ba sai dai "yaron nan", ya ajiye filafili ya tafi Hadejia ya zama mawaƙi. Ran nan Haladu ya tsaya gaban 'yan majalisarsu na gindin tsamiya ya ce, "Gidanmu ba a roƙo. Kunnen nan nawa ba zai taɓa jin muryarsa ba." Shekara uku ke nan, ko gaisuwar yaron ba ya amsawa.

Taubashinsa Shu'ibu ne ya sa masa wata manhaja a waya don jin tafsiri. A cikinta kowa yana ajiye abin da yake so, abokansa kuma su ga abin da ya ji da abin da ya ajiye. Shu'ibu ya soma yi masa bayani, Haladu ya katse shi da "na gane". Bai gane komai ba. Shi a zatonsa ajiya ajiya ce, kamar goro a aljihu.

To, in ya sauke mutane ya juyo shi kaɗai, sai ya saki filafili a tsakiyar ruwa, ya lalubo waƙoƙin yaron. Akwai wadda ta ambaci mashigarsu, ita ya fi maimaitawa. Wani lokaci har ya share ido da hannun riga, tunda kifi ba ya kai tsegumi.

Wata Juma'a bayan an sauko, majalisa ta cika, Shu'ibu ya ɗaga wayarsa.

"Jama'a, ku zo ku ji tafsirin da Haladu yake sha. Malamin sunansa Munzali, sau ɗari biyu da sha huɗu!"

Aka bushe da dariya. Haladu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ga kunyar ɗan fari, ga maganar da ya furta da bakinsa a gindin tsamiyar nan. Ya tashi ko takalmi bai sa daidai ba. Kwana biyu yana aikin fito, malafa a rufe da fuska, ba ya haɗa ido da kowa.

A na uku ya sami Shu'ibu shi kaɗai, ya miƙa masa wayar.

"Ka ci mutuncina, ka huta. Rufe min abin nan."

Wannan karon Shu'ibu bai yi dariya ba.

"Zan rufe. Amma cikin masu bin ka har da yaron, tun damina yake gani, bai gaya wa kowa ba. In na rufe, zai ɗauka ka daina ji."

 Haladu ya karɓi wayarsa ya zura a aljihu.

"Bar shi," ya ce.