Kalmar Fito da Ta Raba Ni da Aikina

Zan fara da bambanta abin da na tabbatar da wanda ban tabbatar ba. Abin ya faru ne a daminar da ta biyo bayan kammala hidimar ƙasata, lokacin ina koyar da adabi a wata makaranta mai zaman kanta a Bagudo. Madogarata uku ce: wani littafi da na karanta da Turanci a jami'a, da tsohon fim ɗin da aka yi daga littafin, wanda aka kawo mini daga tsallaken Benin da Faransanci, sai kwafin da wani ya ɗora wa muryar Hausa, wanda ke yawo a wayoyin ɗalibaina. Faransancina na kasuwa ne, ba na makaranta ba. Ban san wanda ya yi fassarar ba, ban kuma san yaushe ya yi ta ba.

Labarin na wani Bature ne mai kwale-kwale da ke tsallakar da masu gudun yaƙi zuwa wata ƙasa ba da izinin hukuma ba. Littafin ya jawo gardama tun fitowarsa, wasu suna ganin mutumin jarumi ne, wasu suna ganin an wanke mai karya doka ne. Mai fassarar kuwa duk inda ya zo sai ya ce mutumin yana fito. A wurinmu fito abu biyu ne: tsallakar da mutum ruwa, da kuma shigo da kaya ta bayan 'yan kwastan. Iyaye suka ɗauki na biyun, suka kawo ƙara cewa yara suna kallon fim mai ɗaukaka fasa-ƙwauri.

Mai makarantar, dattijo ne abokin mahaifina, ya ce in rubuta sharhin da za a karanta a taron iyaye, in tabbatar da ƙarar. Na zauna na kalli kwafin biyu a tsanake, ban ga ko buhu ɗaya a cikin jirgin ba, sai mata da tsofaffi da ƙullin tufafinsu. Haka na rubuta. Na ƙara da cewa akwai wuraren kisa da ba su dace da ƙananan yara ba, kuma batun karya doka abin tattaunawa ne na gaske. Da ya karanta, ya ce bai aike ni bincike ba, hankalin iyaye yake so ya kwanta, in cire sashen da na ce babu kaya a jirgin ko in nemi wani wurin. Na durƙusa na ce masa Baba, zan iya ba da shawarar a hana yara kallo, amma ba zan iya rubuta cewa na ga kayan da ban gani ba. A ƙarshen watan aka sallame ni.

Kawuna, wanda ke fiton mutane da kwale-kwale a Dole Kaina, da na je na ba shi labari, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce tun kafin a yaye ni yake wannan sana'a, ba wanda ya taɓa rubuta takardar kare shi, yau ga ɗansa ya rasa aiki a kan jirgin Bature. Ya ce in aikin ya ƙi samuwa, akwai wurin zama a bayan nasa jirgin. Da zan tafi kuwa ya ce in bar masa kwafin sharhin, a karanta masa.

Na sha wuya kafin in sami wani aikin a Kaoje, kuma har yau ina jin ciwon sanyin da ya shiga tsakanin mahaifina da abokinsa. Amma ban yi nadamar sashen nan ba. Duk wanda aka ba sharhin fim da aka fassara, ya nemi asalinsa kafin ya sa hannu, ya kuma san cewa yin hakan na iya cin aikinsa.

Abu ɗaya ne ban warware ba. Mai fassarar nan, da ya zaɓi kalmar fito, tsallakar ruwa kaɗai yake nufi, ko ɗan bakin iyaka ne da ya san abin da kunnenmu zai ji?