Gidan Hajja Zubaidatu Ba A Baƙin Ciki

Duk unguwar Bani Malik babu wanda bai san Hajja Zubaidatu ba, wanda bai gan ta ba ya ji muryarta. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya tako daga Daura ya zo hajji ya ƙi komawa. Ta gaji bene mai hawa uku tana ba da haya ga duk wanda duniya ta jefo, masu iƙama, wato takardar izinin zama, da waɗanda Allah kaɗai ya san inda tasu take. Ni ma a hawa na biyu nake, ina ɗinkin abaya.

Abin alfaharinta ɗaya ne, rufin asiri. Idan kin kwana da yunwa za ta ciyar da ke, sannan ta ba ki tsinken sakace ta ce ki fita da shi a baki. Ba muguwa ba ce, wallahi. Amma ciwon da ba ya zubar da jini, a wurinta rashin godiyar Allah ne kawai.

Shekarar da ambaliya ta ci Jidda, ruwa ya tafi da mijin Wartini, wata 'yar Indunusiya mai girki a gidajen Larabawa, wadda ke ɗakin ƙasa. Direba ne, a cikin motar ubangidansa aka tsamo shi. Tun daga nan Wartini ta daina ci, ta daina barci, ta rame kamar sillen kara. Sai ki gaishe ta sau uku tana kallon bango. Ni dai ta ba ni tsoro.

Ana haka sai ga wata likita, Daktora Hind, da ɗalibarta 'yar Indunusiya. Wai akwai tambayoyin da ake gane ciwon damuwa da su, an fassara su zuwa harshen Indunusiya don waɗanda ambaliya ta taɓa, suna so su gwada ko fassarar ta yi. Za su yi wa mutum tambayoyin, su dawo daga baya su maimaita. Wanda amsarsa ta nuna yana cikin wani hali, za a kai shi ga likita kyauta, ba ruwan kowa da iƙama. Da na gaya wa Wartini, ta riƙe hannuna ta ce, “Ina so.” Rabon da in ji ta ce tana son wani abu tun mijinta na raye.

Hajja kuwa ta dafe ƙirji. “Likitan me? Likitan mahaukata! A gidana? Aib! Gobe a ce Zubaidatu ta kasa riƙe bazawara guda har ta zare, sannan wa zai sake ba Wartini tukunyar girkinsa?”

Ranar da za su zo, Hajja ta sa Wartini wanka, ta rangaɗa mata kwalli, ta ba ta aron doguwar riga mai duwatsu, ta turara ɗakin har muna tari. Ta ce, “Ya binti, duk abin da suka tambaya ki ce babu. Halas, shi ke nan.” Ta zauna daf da ita, hannu a kan cinyarta. Kalma ɗaya ta Indunusiyanci Hajja ba ta ji, amma da ta ga bakin Wartini ya fara rawa sai ta matse mata cinyar.

Ɗalibar ta fara tambaya. Kina kasa barci? Babu. Abinci ya fita ranki? Babu. Kina jin gara ki mutu? Wartini ta dubi bango. Hajja ta miƙa wa baƙi dabino. Babu.

Na kasa haƙuri na ce, “Daktora, ki dubi ramar wuyanta mana!” Daktora ta yi murmushi ta ce ba a yarda wani ya sa baki ba, zai ɓata binciken. Ikon Allah! Bakina ne zai ɓata, hannun Hajja bai ɓata ba.

Da suka dawo bayan 'yan makonni, aka sake wanka, aka sake turare, aka sake “babu”. Daktora har da tafi. Wai amsar farko da ta biyu sun zo daidai, babu inda suka saɓa, alama ce fassara ta yi kyau. Ta sumbaci Hajja a goshi. Aka kai mata huɗu wurin likita daga unguwarmu, babu Wartini.

Na hau sama na zage Hajja tas, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Ta ce, “Ke Jamilatu, hassada ce ke cin ki. Likita da kanta ta shaida.”

Wata safiya na sauko na tarar da ɗakin Wartini a buɗe, an share shi ƙal. Ta tafi ƙarƙashin gadar Kandara, inda marasa takarda ke zama suna jiran a kama su a mayar da su gida. Can na same ta a kan kwali, da ƙunshin kaya guda. Na ce, “Wartini, kabarin mijinki fa yana nan.” Ta dube ni ba ta gane ni ba.

Na dawo ina kuka na gaya wa Hajja. Ta leƙa titi ta tagar falo, ta ja ni ciki ta rufe ƙofa.

“Share fuskarki,” in ji ta. “In an tambaya, ki ce ta tafi ganin gida.”