Man buwat ɗin Isuhu

Aikin buwat wahala ne, ba wani abu ba. Ka kwanta cikin yashi ƙarƙashin mota, ƙarfe mai zafi a saman fuskarka, datti na zubo maka a ido, mai mota na tsaye yana tambayar ko ka gama. Shekara talatin ina wannan kwanciya a Tasawa, bayana ya gama lalacewa. Amma ba ciwon baya ya sa na ɗauki biro ba. Damanar bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Isuhu, taubashina, ɗan gwaggona, kuma akwai maganar da na riƙe tun lokacin.

Isuhu direba ne. Yana da tsohuwar kat-kat, irin motar nan ta ratsa daji, yana ɗaukar 'yan kasuwa daga Tasawa zuwa Urafane, wani sa'in har El Allassane Maireyrey, hanyar da babu kwalta, sai yashi da rani, taɓo da damana. Motar ba ta taɓa kwana a daji ba, don mutumin bai da magana sai ta mai. Duk randa ya ratsa ruwa sai ya kawo ta garejina a duba man buwat, wato akwatin da ke canja bites, giyar mota ke nan. A gefenta akwai busho, ɗan murfin ƙarfe da ake kwancewa a zura ɗan yatsa. In man ya kai bakin rami, launinsa kamar zuma, lafiya lau. In ruwa ya shiga sai ya yi fari kamar nono, ya daina kare ƙarfe, haƙora su shiga cin juna.

Teɓa ta hana Isuhu shiga ƙarƙashin mota, don haka ya kafa mini doka: in na zura yatsa sai na miƙo ya gani, ya shaƙa.

"Miƙo, raggo," haka yake cewa. "Bakinka ban yarda da shi ba, yatsan dai."

Ranar da abin ya faru cikin azumi ne, bayan azahar. Ya ce ya ratsa ruwa sau biyu, kuma motar na kuka a bites na uku. Na shiga, na tarar bushon ya cije. Kansa ya suɗe, makulli na zamewa, har na ɗaye bayan hannu. Fidda shi sai da guduma da kurfi, aikin awa guda, ga ƙishirwa, ga motoci biyu na jira. Kusa da kaina akwai galan na sabon mai da ya rage daga wani aiki. Na tsoma yatsa ciki, na miƙa masa.

Ya duba, ya shaƙa. "Tas! To kukan hwa?"

Na ce, "Tsuhwa ne, irin naka."

Ya yi dariya, ya ce Allah ya shirye ni, ya ja motarsa. Da azumi a bakina na yi wannan.

Kwana tara bayan haka buwat ta cije masa a daji, gaba da Urafane, da tsakar rana, da mata da kaya cike da mota. Shi ya tura, shi ya taka zuwa wata ruga ya ɗauko wa mutane ruwa. Da ma yana da hawan jini. Yana dawowa ya faɗi. A amalanke aka kai shi likita, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce jini ne ya hau, malamai suka ce kwana ya ƙare. Na yarda da su duka, ban ce ni na kashe shi ba. Abin da na tabbata ni na yi shi ne wanda ya biyo baya.

Bayan sadakar bakwai aka jawo motar garejina, direbobin tasha suka taru. A gabansu na fasa bushon da guduma, man ya zubo fari fat. Wani tsohon direba, Garba, ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe mai yi mana wa'azin mai, tashi motar fura take sha!" Suka ce Allah ya jiƙan shi, amma da murmushi suka faɗa. Ni ina durƙushe da guduma a hannu, na yi shiru. Tun daga nan, in mutum ya cika surutu ba aiki, a tasha sai a ce yana duba irin na Isuhu.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce in ya ga yau. Direbobin yanzu waya a hannu ɗaya, sitiyari a ɗaya, su danna bites kamar masu faskare. Mai kuwa na kwalba suke saye a bakin hanya, ba su san na inji ba ne ko na buwat. Da Isuhu na nan da makogwaronsa ya dushe da faɗa. Da kuma sun yi masa dariya, kuma ni na ba su abin dariyar.

Motar an sayar da ita ƙarfe-ƙarfe. Gidansa na nan, matarsa Hadiza na ciki, duk sallah sai ta aiko mini da tuwo. Abin da ya saura na Isuhu sosai shi ne babban ɗansa Sanusi, wanda yanzu magidanci ne, shi ma direba a hanyar Urafane. In ya canja bites ba ka jin ƙara, hannun uban ne sak. Na daɗe ina lallashin kaina cewa wannan ya isa, tone-tone ba ya tada mamaci.

Ran Asabar da ta wuce Sanusi ya kawo motarsa gyaran birki, taɓo har ƙofa. Na ce bari in duba masa man buwat tun da ya shiga ruwa.

Ya ce, "Bari kawai, Baba Habu. Kai ma ka san tsoho baki ne, Allah ya jiƙan shi. Kowa ya ga abin da ya hito daga tashi motar."

Bai faɗa da raini ba. Ya faɗa ne kamar abin da aka gama sani tuntuni. Na gyara birkin, ya yi godiya, ya tafi.

Da gari ya waye ban buɗe gareji ba. Na nufi tasha, teburin mai shayi, inda direbobi ke karyawa kafin lodi. Sanusi na nan, Garba ma na nan. Ban zauna ba. Na ce Garba ya ajiye kofi ya saurara, na faɗa musu cewa Isuhu ya kawo motarsa, ya nemi a duba, ni ne ban duba ba, na yi masa ƙarya. Sanusi ya bar shayinsa rabi, ya shiga mota ya rufe ƙofa. Daga nan na taka har gidan Hadiza, na yi sallama, na tsaya a zaure ina jira ta fito.