Yarinyar da ƙwallayen dabinonta suka ƙare

Shekarun baya, bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula, ko'ina ka zauna a Kano zancen kwamfuta ake yi. Ni kuma na yi kwas na wata shida na samo takardar shaida, har na sa aka yi mata gilashi. Da ita na samu aikin koyar da kwamfuta a wata ƙaramar firamare a Tarauni.

Kwamfuta ɗaya ce a makarantar, tana ofishin hedimasta an lulluɓe ta da zani, wuta kuma sai an tashi daga makaranta take zuwa. Don haka a allo nake zana ta, in sa 'yan aji uku su haddace sunayen sassanta. Suna haddacewa, suna hamma. Wata rana hedimasta ya kira ni ya ce, "Malam, kwamitin iyaye sun ce ba su ga amfanin darasinka ba. Shugabansu zai zo ya gani da idonsa. In bai gamsu ba, za a mayar da lokacin na lissafi." Ma'ana dai in nemi wani aikin.

A makon ne mahaifiyata ta aike ni cefane a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, na dawo da tumatir da tattasai ba albasa. Ta ce, "Ina albasa?" Na ce, "Inna, ai ba ki ce ba." Ta dube ni ta ce, "Kai da injin nan naka halinku ɗaya, sai abin da aka faɗa muku kawai."

Maganar nan ita ta fitar da ni daga aji. Washegari na zana gidaje irin na dara da toka a filin makaranta, na ajiye bokiti a can ƙarshe, na ce wa yara, "Yau ni ne kwamfuta. Ba ni da hankali, ba na jin magana, sai abin da kuka jera a ƙasa." Ƙwallon dabino taku ɗaya ne gaba, murfin kwalbar lemo juyawa dama, tsinke juyawa hagu. Su jera, ni in bi har in kai bokiti. Ranar farko sau biyu suka kai ni na yi karo da katanga, na biyun kam da gangan ne. Amma daga ranar ba wanda ya sake hamma.

Ranar da shugaban kwamitin ya zo, wani Alhaji ne tsohon ma'aikacin gwamnati mai ɗaure fuska, na so in kira yaran da na san sun gwanance. Sai ya nuna wata yarinya da ke raɓe a baya ya ce ita yake so. Ba a daɗe da kawo ta daga ƙauye ba, babanta ɗan acaɓa ne a Darmanawa, ko sunanta ba ta gama iya rubutawa ba. Ga shi yara sun wawashe ƙwallayen, uku kacal suka rage mata, hanyar kuwa taku goma sha biyu ce kafin kwanar da bokitin yake gefenta.

Ta tsuguna ta daɗe tana kallon ƙwallayen nan. Sai ta jera su, ta kewaye su da yatsa a cikin ƙasa, ta ja layi huɗu a gefe, ta ajiye murfi a gaba. Ta ce, "Malam, in ka gama waɗannan ka koma farko. Sau huɗu."

Wannan shi ne maimaita umarni, abin da na yi mako biyu a kwas ina fama kafin ya shiga kaina. Ban taɓa ambata musu shi ba, don na ɗauka ya fi ƙarfinsu.

Alhaji ya ce, "'Yata, wa ya koya miki?"

Ta ce, "Ba kowa, Baba. Dabinon ne ya ƙare."

Sai ya tattare babbar rigarsa ya shiga gidan farko, ya ce shi ne kwamfutar. Ya bi abin da ta jera, a kwana ya juya dama ya nufi bishiya. Yara suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Tsaya, Baba, ba laifinka ba ne, ni na sa murfi a wurin tsinke." Ta gyara, ya koma farko, ya taka har bokiti. Da zai tafi ya ce wa hedimasta a bar darasin, kuma shi zai riƙa aiko janaretansa duk Alhamis.

Na yi shekaru ina koyarwa bayan nan, na ga ɗalibai masu kaifin basira da yawa. Amma har yau in na tuna yatsan nan yana zagaye ƙwallaye uku a cikin ƙasa, sai in ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci hankali. Na je makarantar ina jin ni zan zuba wa yara wannan tunani a kai. Ashe yana can tuntuni, fili kawai yake jira.