Amurkar Kande a Tsakar Gidan Belleville

Mutum nawa ne ke shiga fili daga kowane ɓangare a wasan ƙwallon kwando? In ka ce biyar, ka ci. Amma a wurin Kande, in ka faɗe ta da Faransanci ka faɗi, ko da amsar taka daidai ce.

Kande haifaffiyar Treichville ce, sakatariya a wani ƙaramin asibiti da ke Adjamé. Kullum tana cikin woro-woro, tasin haɗaka na gari, kuma kullum hirar samari ɗaya ce: mawaƙan Amurka, finafinan Amurka, 'yan wasan Amurka. 'Ya'yan Hausawa ne, amma ka ce musu "sannu" su ce maka "bonjour". Abin ya ci mata tuwo a ƙwarya. Sai ta ce, to, da abin da suke so za ta kama su.

Kowace Lahadi bayan la'asar take shimfiɗa tabarmi huɗu da benci biyu a tsakar gidan kawunta a Belleville. Ta raba su gida biyu, 'yan Williamsville da 'yan Belleville, ta riƙa jefo tambayoyi. Wane gari ne fadar gwamnatin Amurka? A wane gari kiɗan jazz ya tashi? Dokarta ɗaya ce: amsa da Hausa. Da mutum bakwai ta fara, yanzu sun haura talatin.

Mai gidan, Kawu Abdulbaqi, ɗan kasuwa ne daga Kano, tayoyin mota yake shigowa da su. Wata Asabar ya tare ta a ƙofa.

"Ke Kande, gobe kayana za su iso, a tsakar gidan nan zan jibge su. Wannan shiriritar ta ƙare. Labarin Amurka zai sa musu tuwo a baki?"

"Kawu, gidanka ne. Amma taro ba zai tashi ba, ko a bakin kwata ne za mu zauna."

"Kan naki da taurin tsiya, kamar na uwarki."

"Ai yayarka ce, Kawu. A gida na gada."

Bai fasa ba. Da hantsin Lahadi mota ta sauke tayoyi sittin, babu inda tabarma za ta kwanta. Kande ta tsaya ta dube su, ta naɗe tabarminta ta jingine. Da samari suka iso suka yi cirko-cirko, ta daka musu tsawa:

"Me kuke kallo? Ga kujeru sababbi an kawo muku. Kowa ya hau!"

Suka ɗare kan tayoyin suna shewa. Kawu ya fito a fusace, carbi a hannu, daidai lokacin da Kande ta tambayi shekarar da Amurka ta sami 'yancin kai. Wanda ya ɗaga hannu Imrana ne, ɗan Kawun na cikinsa, wanda tun tasowarsa ba ya ce wa uban komai sai "oui papa".

"Mille sept cent..."

"Ka faɗi!" in ji 'yan Williamsville.

"Tanti Kande, tsaya, tsaya! Dubu ɗaya... da ɗari bakwai... da sittin..."

"Sittin? Ashe kai ma ba ka sani ba!" suka ce masa.

"Saba'in! Saba'in da shida! Wallahi na ci, kada wanda ya cuce ni a gidan ubana!"

Gardama ta kaure, Imrana na ta kumfar baki, duk da Hausa, gurguwa dai amma tana tafiya. Kawu ya tsaya da carbinsa bai ja ko ɗaya ba. Can ya ce:

"Kai Imrana, ashe kana da baki?"

"Baba, su ne suke son ƙwace mini maki."

Kawu ya juya ga Kande. "Tayoyina dai ba za su tashi ba."

"Mu ma haka, Kawu."

"To kada wanda ya fasa mini ledarsu." Ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa. "Ci gaba mu ji."

Har yau a kan tayoyi ake zama. In an sayar da wasu, wasu su iso.

Kai ma ka gwada a gidanka wannan Lahadin. Tambayi yaranka a wace shekara aka buga gasar cin kofin duniya a Amurka karon farko, kuma kada ka karɓi amsar sai da Hausa.