Kafaɗar da Muka Kai Aliero

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Yaya Hauwa'u makwancinta a Jega. Duk shekara idan watan ya kama nakan zauna in jira baƙin ciki ya zo, amma ya daɗe da daina zuwa. Ba na kuka, ba na mafarkinta. Ina dai ganin abin da ta bari yana yawo a gabana.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta fi ni karatu, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba. A tsakar gidan mijinta take tara ƙananan yaran unguwa bayan la'asar tana karantar da su, kuma tana da tsarinta. A wajenta yaro ƙarami tsoro ake fara ba shi, maganar rahama sai ya yi hankali. Ta koya musu cewa akwai mala'ika a kafaɗar hagu da ba ya barci, yana rubuta ƙarya, da satar nama a tukunya, da dariya ana salla. Ba zan ɓoye ba, ɗalibanta sun fi na kowa natsuwa. Kana iya ajiye ƙuli-ƙuli a gabansu ka tafi kasuwa ka dawo ka same shi yadda ka bar shi.

'Yarta Zainabu tana shekara shida aka lura ta fara tafiya a karkace, kafaɗar hagu ta yi ƙasa. A wajenmu ba a dogon tunani a kan maganar ƙashi, Aliero ake nufa wurin masu ɗori. Ni na ɗauke su a babur, muka ratsa gonakin albasa, Yaya tana yi mini faɗan gudu tun daga Jega. Dattijon da muka samu ya latsa kafaɗar, ya ɗaga hannun, ya juya shi, ya ce babu karaya, babu gocewa. Sai ya tambayi yarinyar inda ke yi mata ciwo.

Ta ce, "Ba shi ciwo, Baba. Nauyi garai. Littahin mala'ikan hagu na yac cika."

Babu wanda ya yi dariya. A hanyar dawowa na tsaya gindin wata bishiya, na ja Yaya gefe. Na ce mata ta fi ni sanin cewa ba a rubuta wa yaro zunubi sai ya balaga, don haka littafin nan babu ko ɗigo a cikinsa, ta gaya wa yarinya ta huta. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun muna yara.

Ta ce, "In na hwaɗa mata yanzu, wa ka iyawa da ita? Bari ta ƙara wayo, ni da kaina zan ba ta sauran."

Da muka isa gida ta ɗora Zainabu a cinya, ta shafa mata mai a kafaɗa, ta ce mata karatun yana da saura, ta yi haƙuri. Kafin a cire albasar wannan shekarar, zazzaɓi ya kwantar da Yaya, ba ta tashi ba.

Zainabu ta dawo hannuna a Maiyama, inda nake aiki a sakatariya, matata ta riƙe ta. Na zaunar da ita na gaya mata sauran, ba sau ɗaya ba. Takan saurara da ladabi har in gama, sannan ta ce, "Kawu, Inna ba ta ce hakanan ba." Daga baya ta yi Islamiyya, ta ga maganar a littafi da idonta, har tana iya koyar da ita. Kanta ya yarda, kafaɗar ba ta yarda ba. Har yau mayafinta ta hagu yake zamewa, telanta kuma ya san yadda zai yanka mata riga ba sai an gaya masa ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da zamanin nan. Yanzu azabar kabari a waya take zuwa, da hoto da ƙara, yaro ɗan shekara huɗu yana kallo a hannun yayarsa, babu mai ɗora shi a cinya bayan an gama. Wataƙila ta ce an zarce. Wataƙila kuma ta ce ga shi an sauƙaƙa mata aiki. Ban sani ba, kuma ba zan sa mata magana a baki ba. Na dai san tana son 'yarta, kuma ta ɗauka tana da lokaci.

Zainabu tana aure a Kimba yanzu, da 'ya ɗaya mai shekara biyar. Sunan Yaya aka sa mata, muna kiranta Ummi. Tun Ummi tana goye uwarta ta ƙudurta cewa wannan kaya ba zai hau kanta ba. Ta hana a ambaci wuta a gabanta, ta hana a ba ta waya, ta ƙi sa ta makarantar yamma sai da ta sami malamar da ke farawa da rahama. Ta sha surutu a gidan miji, ana cewa tana sangarta yarinya, ta toshe kunne.

Watan jiya na je gaishe su. Ina zaune a tabarma Ummi ta fito da kofin ruwa za ta kawo mini, tana takawa a hankali don kada ya zube. Kafaɗarta ta hagu tana ƙasa. Babu wanda ya taɓa yi mata maganar littafi ko mala'ika. Tafiyar uwarta ta gani, ta ɗauka haka mata ke tafiya. Zainabu ta ga inda idona ya tsaya.

Ta ce, "Kawu, wallahi ban hwaɗa mata komi ba."

Na ce na sani. Ta miƙa hannu ta ɗaga wa yarinyar kafaɗa, ta daidaita ta. Kafaɗar ta zauna daidai har Ummi ta kai bakin ƙofar ɗaki, sannan ta koma inda take.

Mutane da yawa a Jega daga bakin Yaya suka fara jin Fatiha, kuma ina roƙon Allah ya sa mata wannan a mizani, ya yi mata rahamar da ta ajiye wa yara sai sun girma. Amma idan aka tambaye ni abin da ya rage nata a zuriyarta, rabin darasi ne, kuma ya kai jika.

Ina ɗaura hular kwano zan hau babur, surukar Zainabu ta biyo ni ƙofar gida. Ta ce ita ma ta lura da kafaɗar yarinyar, ko zan samu rana in kai su Aliero a duba.